Wasan da Ba Mu Ji Ƙarshensa Ba

Mu ba masu Kirsimeti ba ne, amma a gidanmu na Gummi mun fi wasu masu ita ɗokin zuwanta. Dalili kuwa rediyo. Duk shekara idan Disamba ta raba, sai tashar da muke kamawa ta ajiye sababbin shirye-shirye ta koma zaro tsofaffin wasannin ɗan sanda mai bincike, irin waɗanda aka ɗauka tun ana ciniki da sule da sisi. Baba ya ce ma'aikatan ne ke tafiya garuruwansu hutu, waɗanda aka bari kuma su ɗora tsohon faifai su miƙe ƙafa. Ban taɓa bin diddigin maganar ba. Abin da na sani shi ne an gama girbi, an rufe makarantar boko, kuma bayan la'asar Sufeto zai shigo gidanmu da takalminsa mai ƙara.

Baba tela ne. A kwanakin nan matan 'yan sanda na bariki da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu sukan cika masa zaure da yadi, kowace tana son kayanta kafin ranar biki. Duk da haka da ya sallame la'asar sai ya rufe keken ɗinki, ya rungumo rediyonsa mai rigar fata ya shigo tsakar gida. Inna ta shimfiɗa tabarma ta jawo ƙwaryar gyaɗa tana ɓara, mu yara mu kewaye. Ba a tari, ba a tambaya. Ko akuya ta yi kuka sai Baba ya harare ta.

Sai dai Baba yana da wata ɗabi'a wadda har yau idan na tuna sai na ji zuciyata ta kawo wuya. Kowane wasa yana da inda Sufeto ke tara waɗanda ake zargi a ɗaki ɗaya, ya yi gyaran murya, ya ce kowa ya zauna inda yake. Daidai nan, ana saura ƙiris ya faɗi mai laifi, Baba zai miƙa hannu ya murɗe rediyon. Ɗif.

"To, wa yay yi?" in ji shi, yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, don Allah buɗe muna mu jiya," in ji Inna.

"Kunnuwa gare ku, hankali gare ku. Abin da Sufeto yaj jiya, ku ma kun jiya. Kowa shi hwaɗi nashi."

Haka za mu kwana da gardama. Kowa sai ya faɗi wanda yake zargi, ya kuma kawo hujja, don Baba ba ya karɓar "haka kawai na ji a raina". Washegari da hantsi ake maimaita wasan, a nan ne zai bari a ji ƙarshe, wanda ya canka ya yi ta fankama har azahar. 'Yan'uwana sun ɗauki abin wasa. Ni kuwa tun ina ƙarami ba ni da haƙuri ko na anini. Nakan tashi in yi ta zagaya tsakar gida, in leƙa maƙwabta ko wani ya ji, in dawo in zauna, in sake tashi. Baba ya ce mai haƙuri shi ke dafa dutse. Na ce ni ban da niyyar shan romon dutse. Ranar na sha rankwashi.

Akwai wasa ɗaya da ya fita daban. Wani attajiri ne mai fataucin goro, ranar sunan ɗansa ya cire zoben azurfa da ya gada wajen mahaifinsa don ya yi alwala, ya dawo bai same shi ba. Mutum uku suka shiga ɗakin: ƙanensa da ke zaune a gidan, da mai kawo fura, da wanzamin da ya zo askin jariri. Sufeto ya yi ta tambayoyi, ya tara su, ya yi gyaran murya. Baba ya murɗe.

"Wanzami na," in ji Baba, tun kafin ya tambayi kowa, abin da bai saba ba. "Kun taɓa ganin wanzamin da yat tahi bai jira naman suna ba? Wanda duk yab bar nama, akwai abin da yaf fi nama cikin zabira tai."

Inna ba ta ɗaga kai daga gyaɗarta ba. "Lokacin sanyi na, Malam, lokacin kaciya. Wanzami na da gidaje da yawa da ka jiran shi. Mai kayan na. Shi yaɓ ɓoye abinai don shi samu hanyar korar ƙanenai."

"Mutum shi saci abinai?"

"Ba ka ji shina tamnar goro sadda shika ba Sufeto labari ba? Wanda zoben ubanai yaɓ ɓace, goro ba ya wuce mai wuya."

Baba ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya ce mu bari gari ya waye, gani ya kori ji. Gari ya waye, hantsi ya yi, muka kewaye rediyo. Sai muka ji ganguna da waƙoƙin coci. Ashe ranar ce Kirsimeti, an ba masu biki filin maimaicin. Muka jira washegari, aka sa wani wasa daban. Muka jira shekara ta zagayo, aka sa wasu, ba a sa shi ba. Haka aka yi ta yi har muka girma muka watse.

Amma wasan bai bar gidanmu ba. Duk abin da ya ɓace, ko ludayi ne, ko almakashin Baba, ko takalmin wani ƙafa ɗaya, sai ka ji Baba daga zaure ya ce, "Wanzami na." Inna kuma daga bakin murhu ta amsa, "A dai bincike mai kayan." Ba su taɓa gajiya ba. Na ga sun yi ta ranar da aka kai yayata ɗakin miji, ana neman murfin tukunya, ido duk hawaye. Iyayenmu ba masu nuna so a gaban yara ba ne, ko sunan juna ba sa kamawa. Sai da na yi aure na gane cewa wannan gardamar ita ce hirarsu, da ita suke taɓa juna.

Baba ya rasu da damina, bayan gajeruwar jinya. A lokacin ina aikin lafiya a Anka, inda na zauna tun shekarun da ake kwashe ƙasa mai gubar dalma a ƙauyukan Bagega da Abare. Inna ta yi takaba ta fita, amma kamar ba ta fita ba. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi, tana sallarta, tana cin ɗan abin da aka ba ta. Magana ce kawai ta ɗauke. Matar da in ta fara ba ka labarin yadda aka yi cinikin albasa sai ka nemi wurin zama, ta koma "to" da "madalla". Auta, ƙanwarmu da ke zaune da ita, ta gaya mini wata rana ta ɓatar da wuƙar yanka kuɓewa da gangan, ta yi ta nema da ƙarfi a gabanta ko za ta tanka. Inna ta turo baki ta nuna mata inda take, shi ke nan. Na auna jininta, na duba idonta, na kawo magungunan ƙarin jini. Ba abin da na samu. Tsoro nake ji ƙwarai, don na ga tsofaffi da yawa da suka bi mazansu a haka, ba ciwo ba komai.

Disambar shekarar ina ɗakina a Anka da rana, abokan aikina Kiristoci duk sun tafi gida, asibiti ya yi shiru. Ina wanke kwano rediyo na yi a gefe, ban ma sa kunne ba. Sai na ji mai sanarwa ya ce gobe bayan la'asar za a kawo wa masu sauraro wani tsohon wasa, na zoben attajiri da ya ɓace ranar suna. Na tsaya da kumfa a hannu. Na ƙara murya, amma har ya wuce zuwa sanarwar cigiya.

Daga nan zama ya gagare ni. Na ɗauki waya in kira Auta, na tuna kwanakin nan layi ba ya shiga Gummi. Na fita bakin titi ko zan ga mai tafiya in ba shi saƙo, na dawo, don na san saƙon baki: a ce wa mutum rediyo bayan la'asar, ya je ya ce ana gaishe ku. Na yi tunanin in ɗauki wasan a waya in kai mata daga baya. Nan ma na san Inna. Duk abin da ya fito daga waya a wurinta haɗi ne. In ƙarshen ya ba ta gaskiya za ta ce na shirya don in faranta mata, in ya ba Baba za ta ce dama ni ɗan goyon bayansa ne. Sai dai ta ji da kunnenta, daga rediyon Baba, a kan tabarmarta. Na riga na gama tsara komai a kaina: Sufeto zai ce attajiri ne, Inna za ta tafa hannu ta ce ai ta faɗa, bakinta ya buɗe ke nan. Ko ya ce wanzami ne ta yi tsaki ta ce Sufeton ma bai san aikinsa ba. Ko wanne ne ina so.

Matata ta ce hanyar ba ta da kyau kwanan nan, mutanen daji sun tare ta wajen mararrabar Bukkuyum a makon da ya wuce. Na ce na sani. Ta ce a kan wasan rediyo? Na ce ba a kan wasan rediyo ba. Ta dube ni, ta ga ƙafata na rawa a ƙasa kamar mai taka keken ɗinki, ta tashi ta fara haɗa mini jaka.

Da sassafe ina tasha. Na sayi batura sababbi, na sake sayen wasu a wani shago don ban yarda da na farko ba. Mota kuwa ta ƙi cika. Na zauna a ciki, na fito, na zagaya ta, na tsaya ina taya kwandasta kiran fasinja, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Da ta cika kuma direba ya ce ba inda za shi sai motocin rakiya na jami'an tsaro sun zo.

"Yaushe za su zo?" na tambaye shi.

"Sadda sunka zaka."

"Ina da uzuri a Gummi kafin la'asar."

"Malam, kowa ag ga uzuri nai. Wagga tsohuwa awo za ta kai jikanta, ba ta ce komi ba. In kana sauri ga hanya nan, ba a rufe ta ba."

Na haɗiye abin da ya zo bakina, don in na faɗa a nan zan kwana. Rana ta take tsaka kafin mu tashi, jerin motoci, kowa ya yi tsit. A hanyar nan mutane ba sa hira yanzu. Kowa idonsa na bakin daji, leɓe na motsi. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, rabin addu'ata ta tsari ce, rabi ta kada rana ta yi sauri. A kowane shinge sai an sauke mu an duba. Wajen mararrabar Bukkuyum aka tsayar da mu gaba ɗaya, aka ce a jira, ba a ce me ake jira ba. Muka yi azahar a gefen titi. Na riƙa duban inuwar motar tana tsawo, ina ji kamar in sa hannu in tura ta baya. Tsohuwar nan mai jika ta miƙo mini ƙuli-ƙuli ta ce in ci, wai tun Anka take kallona, na hana ta sakat.

Ana kiran la'asar muka shiga Gummi. Na yi salla a masallacin tasha, wadda ni kaina na san ba ta cika natsuwa ba, na hau babur.

Inna na zaune a ƙofar ɗakinta da carbi. Ta ga na shigo ba sanarwa, ta tambayi lafiyar yara, na ce lafiya lau. Ban ko zauna ba na ce wa Auta ina rediyon Baba. Yana ƙarƙashin gado, naɗe a cikin tsohon rawaninsa, ba wanda ya taɓa shi tun rasuwar. Na zaro tsofaffin baturan da suka fara zubar da farin gari, na kankare wurin da wuƙa, na sa sababbi.  Ya yi shuu, ya yi ƙoƙoƙo, na ja eriya, na juya shi gabas, sai ga kiɗan buɗe wasa, wanda rabona da shi tun ban fara aske gemu ba.

"Inna, wasan zobe ne," na ce. "Na attajiri da wanzami. Yau za mu ji."

 Ta ajiye carbin a cinya. Auta ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye rediyon a tsakiya, inda Baba ke ajiye shi. Can sai Inna ta sauko daga kujerarta ta zauna a gefensa.

Komai yana nan yadda na bar shi. Kukan rago, guɗar mata, ƙarar takalmin Sufeto. Muryoyin sun fi yadda nake tunawa sauri da siranta, kuma na lura mai fura da matar attajiri mutum ɗaya ce ke yin su. Da aka zo inda attajiri ke ba da labari, sai ga tamnar goron nan, ƙarara, ƙus ƙus. Na saci kallon Inna. Gefen bakinta ya motsa. Da wanzami ya ce shi zai wuce, a ajiye masa namansa, ta ɗan gyaɗa kai kamar mai cewa ka ji ko.  Na tashi tsugune, na kasa zama sosai.

Sufeto ya tara su. Takalmi ya yi ƙara zuwa bakin ƙofa, ya dawo. Ya yi gyaran murya. Ya ce kowa ya zauna inda yake.

Inna ta miƙa hannu ta murɗe rediyon.

Na ɗauka kuskure ne, ko tana son ƙara murya ne ta juya baya. Na kai hannu. Ta riga ni, ta ɗauke shi ta ɗora a cinya, ta rufe shi da hannu biyu.

"Inna!"

Ta ƙara rungume shi.

"Inna, don girman Allah, yanzu zai faɗa! Tun safe nake hanya. Kin san yadda hanyar nan take. Shekara nawa muna jiran wannan?"

Ban taɓa ɗaga mata murya haka ba, kuma raina ya ɓaci da gaske. Na miƙe na nufi ƙofar gida ko zan ji rediyon wani, na tsaya a zaure na kasa kunne. Ba kowa. Yaran unguwa na bakin titi sun dunƙule kan waya ɗaya suna kallon ƙwallo. Duk layinmu ba mai sauraron Sufeto sai mu. Na dawo na tsaya a kanta ina huci, ina lissafin yanzu ya faɗa, yanzu mai laifi na rantse-rantse, yanzu an sa kiɗan rufewa.

Sai da ta tabbata an gama sannan ta ɗago.

"Zamna," ta ce.

Na zauna.

"In ni ad da gaskiya, wa za ni yi ma dariya? In kuwa shi na, wa za shi yi min?" Ta shafa rigar fatar rediyon, inda hannun Baba ya sa ta yi baƙi. "Mutum ba shi nan, ba a yanke mai shari'a."

Auta ta juya fuska ta shiga ɗaki. Ni kuwa duk fushin nan ya zube, ya bar ni da kunya. Na yi tafiyar nan duka don in kawo mata ƙarshe, ban taɓa tambayar kaina ko ƙarshe take so ba. Na sunkuyar da kai ina tsinkar zaren tabarma.

 Kaji suka fara neman wurin kwana. Sai na ji ta gyara zama, ta yi ɗan gyaran murya.

"To, kai wa kac ce?"

Na ɗago. Tana kallona kai tsaye, irin kallon da rabona da shi tun kafin damina. Gaskiya tun ina yaro ra'ayina na wajenta, goron nan ya daɗe da gamsar da ni, kuma yau da na sake ji na ƙara tabbata. Na buɗe baki in faɗa mata haka. Sai na ga yadda ta riƙe rediyon.

"Wanzami ne," na ce.

"Kai ma?"

"Inna, mutum ya bar naman suna ya tafi?"

"Ji min yaron ga! Ba ka ji yac ce a aje mai ba? Wanda yas saci zobe shina cewa a aje mai nama, shi komo gidan da yay yi sata? Kai da ubanka kunnuwanku na ado na. Auta! Zaka ki ji abin da likitanmu ka hwaɗi."

Auta ta fito tana share ido da bakin zane. Inna ta ajiye rediyon, ta ce a miƙo mata ƙwaryar gyaɗar can, ta soma daga farko, tun daga inda attajiri ya cire zobe, tana ɓara tana kawo hujja, tana nuna ni da ɓawo. Na ce zabira fa? Ta ce zabirar me. Har aka kira magariba ba ta kai rabi ba, ta ce in je in yi salla in dawo, ba ta gama da ni ba.